Maƙerin da Ya Durƙusa wa Surukarsa

Kai da kake cewa kujerar nan ta ishe ka, yau sai ka sauka kan tabarma, dakata in ba ka wani misali, in ya so ka yi abin da ka ga dama.

An yi wani maƙeri a wani ƙauye, ya shekara arba'in a zaune ƙasa gaban uwar maƙera, har ƙugunsa na dama ya cinye, tafiya ta gagare shi. 'Ya'yansa suka kai shi babban asibiti, aka yi masa aiki, aka cire kan ƙashin cinyar aka sa masa na ƙarfe. Ranar sallama likita ya ja masa kunne: mako shida ba tsuguno, ba zaman ƙasa, ba ɗora ƙafa kan ƙafa, domin naman da zai riƙe ƙarfen bai gama kamawa ba, in ya lanƙwasa ƙugun da yawa ƙarfen zai fita daga gurbinsa. Wani ne zai ji wannan ya watsar, ban da maƙeri. Mutumin da ya sha ganin ruwan gatari ya kuɓuce daga ƙota ana cikin sara, ai ba sai an yi masa dogon bayani ba. Tun daga ranar tsoro ya shige shi, irin wanda ke hana mutum jin daɗin tuwo. In zai kwanta sai an cusa masa matashi tsakanin gwiwoyi. Salla a kan kujera yake yin ta, da nuni. Bayan gida ma sai da kafinta ya haɗa masa doguwar kujera mai huji. In ya dogara sandunansa biyu zai taka tsakar gida, sai ya kasa kunne yana sauraron ƙugun nan, ko atishawa ta zo masa sai ya dafe bango yana salati. Abu ɗaya yake tsoro a duniya, kada a mayar da shi ɗakin nan mai farar fitila a sake sa masa wuƙa.

Mako uku ya yi yana kiyayewa, ciwo ya fara sauƙi. Ana nan wata Laraba da hantsi, gida cike da 'yan dubiya, sai ga surukarsa, uwar matarsa, tsohuwa tukuf, an ɗauko ta daga garinsu ta zo duba shi. Aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar rumbu. To, shi bawan Allahn nan shekara talatin da aure bai taɓa gaishe ta a tsaye ba, balle a zaune bisa kujera. Tun daga nesa yake tuɓe takalmi ya zube. Yau ga ta a ƙasa, ga shi a sama kamar mai gari. Matarsa ta gane abin da ke ransa, ta girgiza masa kai daga bakin madafa. Da a nan aka tsaya da an rabu lafiya, amma wani taubashinsa mai bakin tsiya ya ce, "Ikon Allah! Ashe ƙarfen asibiti har sarauta yake ba mutum, suruka a tabarma, suruki a karaga." Aka kwashe da dariya. Wasa ne fa, wallahi wasa ne, amma sai ya ji kamar an tuɓe masa riga a kasuwa.

Ya ce a ransa, sau ɗaya dai, rabin durƙuso ma ya isa. Ya miƙe, ya jingina sanda ɗaya da kujera, ya fara yin ƙasa, maganar likita na yi masa yawo a kunne. Ya sani sarai, bai manta ba, idon mutane ne kawai ya fi masa nauyi. "Inna, barka da..." Bai ƙarasa ba. Wani abu ya ce ƙas a cikin jikinsa, ƙarar da ya sani tun yana yaro a maƙera. Ya kurma ihu ya kife. Da aka juya shi, ƙafar ta gajarce, ta karkace ciki, ko ƙuda ya sauka a kanta sai ya yi ƙara. A bayan a-kori-kura aka kwantar da shi, kowane ramin hanya sai ya kira sunan Allah, har aka shigar da shi ɗakin nan mai farar fitila da ya yi mako uku yana gudu.

Abin takaicin, ita tsohuwar da aka yi dominta, yanar ido ta rufe mata gani shekara uku ke nan, rana ma sai dai ta ji zafinta. Tana zaune a tabarma tana lalube tana tambaya, "Wai me ya faɗi ne? Ina mai jikin, ko yana ɗaki?" Da aka gaya mata, sai ta fashe da kuka ta ce, "Wayyo ɗan nan! Da na ga zai durƙusa, da na kwaɗa masa sandata."

An dai mayar masa da ƙarfen, amma mako shida ya koma wata uku, kuma har yau in ya ga tabarma sai ya kewaye ta ya nemi kujera. Saboda haka zauna a kujerarka, mai dariya ya yi ta yi, ba ƙugunsa ba ne. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, in kunne ya ji, jiki ya tsira.