Dashen Goro a Sabo

Ranar da aka sanar a rediyo cewa yaƙi ya ɓarke, na baro jami'a na nufi Sabo, unguwarmu ta Hausawa a Ibadan. Motocin Arewa sun cika bakin titi, maƙwabta na ta loda tabarmi da tukwane.

Binciken digirina na dakta a kan mutanenmu ne: shin Hausawan Ibadan sun zama 'yan gari? Malamina ya ce ina, baƙi ne, kullum kayansu a ɗaure.

Na tarar da mahaifina durƙushe a bayan gida, hannunsa duk ƙasa.

"Baba, ba ka haɗa kaya ba?"

"Riƙe mini nan."

Dashen goro ne. Tsohon Bayaraben da Baba ke sarin goro a gonarsa ne ya kawo shi da sassafe. Su kuwa a al'adarsu, ba a barin baƙo ya dasa bishiya.

"Baba, wannan fa sai bayan shekaru zai yi 'ya'ya."

Ya danna ƙasar, bai ko ɗago ba.

"To, ina za mu? Ɗebo ruwa."

Na ɗauki bokiti, na ratsa ta gaban motocin nan, kaina a sama.