Hukuncin Inna

Ranar da labarin rasuwar ɗan Inna ya iso Gummi, akwatin littattafansa ya biyo baya a motar kasuwa. Bayan sadakar arba'in, mai ƙosai ta zo neman takardun ƙunshi.

"Ba ni su, Inna, tunda mai karanta miki ya tafi."

Shi ke karanta mata tana tsinkar zogale, domin ita a aji uku ta tsaya. Ta ɗauki ɗaya za ta miƙa, sai ta ga rubutunsa a cikin bango. Ta haɗa baƙaƙen a hankali: "Inna ta ce masoyan nan ba su san yunwa ba."

A na tarihi: "Inna ta ce sarakuna sun yi yawa, wa ke yi musu daka?" A na kiwo: "Inna ta ce marubucin bai taɓa korar kaza ba."

Ta yi dariya har da hawaye. "Je ki nemi jarida, ɗiyata. Waɗannan da maganata a ciki."

Littafi ɗaya ne babu rubutu a bangonsa, wanda ba su gama ba. Kullum da hantsi takan bi layi uku da yatsa, biro a gefen tabarma. Har yanzu ba ta yanke masa hukunci ba.