Notin Sama da Notin Ƙasa

Zauna in ba ka misalin wani shugaban makaranta da ya aje aiki, ya sayi mota irin wadda tayoyinta huɗu duk suke ja, don ya riƙa zuwa gona ko da damina ta ɓata hanya. Mutumin kirki ne, aibinsa guda: duk abin da ya ga an yi sau biyu, to a wurinsa ya iya ke nan. Ita kuwa irin wannan mota ba baƙin man inji kaɗai take sha ba. A ƙarƙashinta akwai tukwanen ƙarfe uku, gaba da tsakiya da baya, su ke raba wa tayoyi ƙarfi, kowace da nata man mai kauri da ake juyewa in ya tsufa. Kowace tukunya noti biyu gare ta: na ƙasa inda tsohon mai ke fita, da na sama inda ake ɗura sabo.

Ana nan sai aka haifa wa ɗansa 'ya mace, bayan jikoki maza har shida. Mai jegon tana wankan gida a ƙauyensu can bayan fadama, inda motar haya ba ta shiga da damina, babur kuwa gwiwoyin matar malam ba za su ɗauka ba. Ɗan ya raɗa wa mahaifiyarsa cewa sunanta zai sa wa yarinyar, da hantsi za a raɗa. Shekara arba'in suna tare, ba ta cika roƙon mijinta komai ba, amma ran nan ta ce, "Malam, ina so in ji da kunnena." Maganar ta shiga ransa. Ya tuna man tukwanen nan ya daɗe ba a juye ba, ya ji tsoron kada mota ta ba su kunya a tsakiyar laka da ita a ciki. Ya sayo sabon mai tun saura kwana biyar, ya aje a bayan ƙofa, kullum sai ya ce gobe.

Goben ba ta zo ba sai ranar suna. Ana idar da sallar asuba ya shimfiɗa buhu, ya kutsa ƙarƙashin mota da sifana da tsohon kwano, yana cewa aikin minti goma ne, don me za a tashi makaniki? Ya fara da tukunyar baya. Notin ƙasa ya kwance kamar da ma jiran sa yake, mai ya zubo baƙi ƙirin har ya tsane. Malam ya maida noti, ya yi murmushin gwani, ya kai sifana kan na sama. Na sama ya ce bai san zancen ba. Tsatsar damuna huɗu ta riƙe shi gam. Ya ja, ya danna, ya buga da dutse, ya sa ƙafa ya taka, har kan notin ya cinye ya zama mulmulalle, sifana na zamewa. Sai a lokacin ya gane abin da ya yi: ya zubar da abin da ke ciki, ga sabon mai a hannu, babu ƙofar zuba shi. Mota kuwa in ta tashi da busasshiyar tukunya, kafin a kai fadama haƙoran cikin sun ƙone.

Daga inda yake kwance ƙafafun matarsa kawai ya hango, sun sha lalle, cikin sababbin takalma, kusa da ƙullin kayan jariri. Tana tsaye tana jiran sa. Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi.

Makanikin da ya raina ya zo, ya leƙa, ya girgiza kai. Ya ce, "Malam, mu na sama muke fara kwancewa. In ya ƙi, ka ga manka na nan, ka yi tafiyarka." Sai da aka nemo mai walda ya liƙa wani noti a kan na farko, zafin wuta ya saki tsatsar, aka ɗura mai. Kafin su ɗauki hanya an kira azahar. Motar kam ta ratsa fadama lafiya lau, ko nishi ba ta yi ba, amma malam bai iya duban gefensa ba har suka isa.

Sun tarar an daɗe da raɗa suna, an rabe goro, ana wanke tukwane. Ta shiga ɗaki, aka miƙa mata takwararta, ta daɗe tana kallon ta. Malam na tsaye bakin ƙofa, farcensa cike da baƙin mai, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Can ta ɗago ta ce, "Ni ban ji ba. Kai da ka hana ni ji, zo ka faɗa mini." Shi da bai taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba, ran nan ya durƙusa gaban surukai da 'yan barka, ya faɗi sunan da ƙarfi. Mata suka sa guɗa. Ta share hawaye da gefen mayafi tana dariya, ta ce ta yafe, amma ba za ta manta ba.

Son ta ne ya shigar da shi ƙarƙashin motar, ba wanda ya ce ba haka ba. Ranar ce bai zaɓa da kyau ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.