Miyar Ƙaguwar Inna Nhan

Saura kwana uku Asabar, kuma har yanzu Inna Nhan, mahaifiyar Khiem, ba ta taɓa ludayi ba.

Khiem ne ya jawo wa kansa. Tun kafin jirgin iyayensa ya sauka Warsaw ya manna takarda a ƙofar rumfarsa, da yaren Poland da na Vietnam: ranar Asabar mai miyar da kanta za ta dafa. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana sayar da bun rieu, taliyar shinkafa cikin romon ƙaguwa da tumatir da soyayyar awara, a ƙarƙashin hoton mahaifiyarsa. Turawan da a da suke toshe hanci saboda daddawar jatan lande, yanzu su ne masu neman ƙari. Duk wanda ya yaba, sai Khiem ya nuna hoton ya ce ai wannan ruwan wanke tukunyar Inna ne kawai.

Ba cika baki yake yi ba. Akwai wani ɗan tsami-tsami a miyar da ya taso yana sha a gidansu na Nam Dinh, can Vietnam, wanda ya kasa kamowa. Ya sha tambayarta a waya. Amsarta ɗaya ce kullum: bari ta tuna, za ta kira shi gobe. Goben kuwa za ta kira da bayani tsaf, har da yawan cokali. Amma ya kuskura ya ƙara tambaya ɗaya a kai, sai kuma wata goben.

Yanzu ga ta a rumfar, abin da yake gani kuma ya tayar masa da hankali. Ya miƙa mata ƙaguwa, ta riƙe ta nesa da jikinta kamar an ba ta jaririn baƙuwa. Ya tambaye ta ko tumatir ake fara soyawa, ta ce, "Yadda ka ga ya fi maka, ɗana." Ran Alhamis da ƙyar ya tare hannunta, za ta zuba sukari a madadin gishiri. Ya fita bayan rumfa ya tsaya shi kaɗai. Ba kunyar Asabar ce ta fi damunsa ba. Tsoro ne ya kama shi, cewa tsufa ya fara kwashe wa mahaifiyarsa abin da ke kanta, shi kuma yana nan ƙasar mutane bai sani ba.

Mahaifinsa Baba Thuc kuwa ko a jikinsa. Tsohon shugaban makaranta ne, shi ya turo Khiem Poland karatun injiniya, kuma har yau bai huce da ganin ya koma sayar da miya ba. Ya kama teburin lungu, da kwat da laktaye, yana karanta jarida. An kawo masa kwano, ya kurɓi cokali ɗaya ya ture.

"Injiniya," ya ce, "wannan ruwan zafin mai launi har kuɗi ake biya a sha?"

"Baba, layi ake yi a kansa."

"Turawa ne, me suka sani? Namiji da digiri, ya ƙare a gindin murhu."

Da zai fita shan iska ya bi ta gefen kanta, ya ɗauki kwalbar ruwan tsamin da Khiem ke sa wa miya, ya shinshina, ya ja tsaki ya ajiye. Khiem ya haɗiye abin da ya zo bakinsa. Tun yana ɗan shekara bakwai yake wannan haɗiya, ya ƙware.

Ran Juma'a da yamma ya tsuguna gaban mahaifiyarsa ya ce zai cire takardar, ya gaya wa mutane gajiyar tafiya ce ta kwantar da ita.

"Ka cire me? Ba ni makulli," in ji ta. "Ni ba na girki ana tsaye a kaina, ka sani tun kana yaro. Kada in ga ƙeyarka kafin ƙarfe takwas."

Gaskiya ne. A gida ma tashi yake ya tarar da miya ta nuna, ita kuma tana jera kwanuka.

"Babanka zai raka ni, ban gane kan jirgin ƙasan cikin garin nan ba."

Baba Thuc ya sauke jarida. "To, na zama ɗan rakiya kuma. Allah ya nuna mana ƙarshen wannan tafiya."

Khiem ya miƙa makulli, amma zuciyarsa ba ta yarda ba. Ya dafa nasa romon a gida, ya sa a mota don ko-ta-kwana. Ƙarfe shida da rabi na safiyar Asabar ya riga ya iso kasuwa, masu rumfuna ba su ko fara ɗaga ƙofofi ba.

Tun daga bakin layi ƙamshin ya tare shi. Ƙamshin miyar gidansu ne sak, ba kama ba, ba kusa ba. Ya tsaya cak da tukunya a hannu, idonsa ya cika da ƙwalla. Daga ciki yana jin ana dakan ƙaguwa a turmi, bugu mai ƙarfi, ba gargada. Ya ce a ransa ashe Inna lafiyarta ƙalau, shi ne ya tsorata kansa a banza. Daɗi ya hana shi jiran ƙarfe takwas. Ya ajiye tukunyar a ƙasa, ya zagaya ya tura ƙofar baya a hankali.

Inna Nhan na zaune a kan buhun shinkafa cikin rigar sanyinta, tana ɓare 'ya'yan kabewa tana ci. A gaban murhu kuwa, kwat a rataye jikin ƙusa, laktaye a wurge bisa kafaɗa, Baba Thuc ne da taɓarya a hannu.

"Rufe ƙofar nan, ɗana," in ji Inna, ko tashi ba ta yi ba. "Shekara arba'in yana dafawa ina karɓar yabo, ba yau za ka tona mana asiri ba."