Garwar Iya Kande

"Inna, me ya sa yatsun Yaya Safara'u suka manne, ni kuma nawa ba su manne ba?"

A'i ce ta jefo tambayar, 'yar shekara huɗu, a gaban baƙi biyu da suka zo daga Gagarawa yawon sallah. Safara'u, wadda ta shiga aji ɗaya a bana, ta ja hannun damanta ta cusa cikin zani. Uwarsu Lauratu ta buɗe baki za ta tsawatar, sai idonta ya sauka kan baƙar garwar da ke gindin katanga tana shan rana. Ta fasa tsawar.

Shekara shida ke nan, amma a wurinta kamar jiya.

Da aka kawo Lauratu gidan Ilu a Sule Tankarkar, ta tarar da surukarta Iya Kande da wata al'ada. Kullum da hantsi tsohuwar za ta ɗauko tsohuwar garwar kananzir, wadda ta wanke tas ta shafe bayanta da baƙin tukunya, ta cika ta da ruwan rijiya. Ta ɗora ta kan wani faffaɗan dutse inda inuwar darbejiya ba ta kaiwa, ta kifa mata murfin kwano. Kafin la'asar ruwa ya yi ɗumi daidai jikin yaro. Ta tsoma gwiwar hannu ta ji, ta jawo jikoki ɗaya bayan ɗaya tana cuɗa su tana yi musu kirarin tsiya, suna ƙyalƙyala dariya. Ba hayaƙi, ba yawon neman itace, shekarun nan kuwa na fari daji ya ƙare ƙarƙaf.

"'Yar nan," takan ce da Lauratu, "wutar Allah ce, kyauta ake ba mu. Kuma ban taɓa jin ta sale yaro ba."

Haka aka yi ta wankan Safara'u, 'yar farin Lauratu, har ta fara rarrafe.

Ilu direban babbar mota ne, yana ɗibar kaya daga Gumel zuwa Maigatari duk ranar Alhamis. Wata ranar kasuwa ya dawo da risho sabo fil, irin wanda 'yan Damagaram suke shigowa da shi. Matan unguwa suka yi ta zuwa kallo. Maƙwabciyarsu Mero ta zagaya shi sau biyu, sannan ta hango garwa a rana, ta kama haɓa.

"Ikon Allah! Matar direba guda, ga risho a ɗaka, amma ana shanya ruwa kamar kuɓewa? Wallahi da ni ce ke, da tuni na ba kaji garwar nan su sha ruwa."

Aka bushe da dariya. Lauratu ma ta yi, amma abin ya zauna mata a rai. Kashegari ta ɗauke garwar ta kai bayan rumbu.

"Ina ruwan wankan yarinya?" Iya Kande ta tambaya.

"Iya, ai yanzu an ci gaba. Kafin ki idar da salla ya tafasa."

"To, Allah ya kyauta. Sai dai abin da ya tafasa ba a ajiye shi a ƙasa."

Kwana tara ana haka lafiya. A rana ta goma Iya ta tafi gaisuwar rasuwa bayan gari. Lauratu ta sauke tukunya tana ɓararraka, ta juye a kwanon wanka a tsakar gida, ta juya ta nufi randa ɗebo na sirkawa. Taku bakwai ne tsakaninta da randar, ta sha ƙirga su daga baya. Yarinya ta ga tururi yana tashi, ta rarrafo, ta dafa bakin kwano za ta miƙe, sai ya tuntsure mata a hannu.

Lauratu ba ta taɓa faɗin sunan 'yar ba, saboda kunyar 'yar fari. Ran nan har bakin kasuwa an ji ta tana kiran "Safara'u! Safara'u!"

Mata suka taru, wannan ta fasa ɗanyen ƙwai a kan ƙunar, waccan ta shafa manja, aka naɗe hannu da tsumma yatsu a haɗe. Sai da Ilu ya dawo bayan kwana biyu aka kai ta asibiti Gumel. An ceci ranta. Yatsu uku kuwa sun riga sun kama juna.

Iya Kande dai ta je bayan rumbu ta ɗauko garwarta, ta sake shafa mata baƙi, ta mayar kan dutse. Bara Allah ya yi mata rasuwa, Lauratu ce yanzu take cika garwar da hantsi, tana tsoma gwiwar hannu kamar yadda ta gani.

Lauratu ta dawo daga tunani, ta jawo A'i ta zaunar a cinya, ta miƙa hannu ta riƙo na Safara'u a gaban baƙin.

"Ruwan zafi ne ya ƙona ta, A'i. Ni na ajiye shi a ƙasa. Yayarki ba ta da laifi."

'Yan'uwana iyaye mata, dabarar da ke kare yaro ba abin kunya ba ce, ko da duk unguwa za ta yi dariya. Ruwan wankan yaro, rana ta isa ta ɗumama shi. In kuwa dole sai kin tafasa, fara zuba na sanyi a kwano kafin ki sauke tukunya. Kada ki ajiye tafasasshen ruwa a ƙasa ki juya baya, ko da taku ɗaya ne.