Eriyar Kaka Vangjel

"Ai an rubuta a jikin kwalin, Kaka. Kilomita hamsin take kamawa, ba sai an riƙe ta ba."

"Kwali ba ya kallon talabijin," in ji Kaka Vangjel. "Ɗaga hannu."

Ermira ba ta ɗaga ba. Wata goma sha ɗaya ke nan, tun bayan rasuwar kakarta Ollga, matar Kaka Vangjel, kullum ƙarfe bakwai tana tsaye jikin taga da tsohuwar eriya mai ƙaho biyu, hannu sama kamar mai tare bas. Tana riƙe, tashar garin Korça ta fito tas: labarai, sanarwar mutuwa, yanayin gobe. Tana ajiyewa, allo ya yi baƙi. Ƙarfe bakwai kuma shi ne lokacin da duk 'yan matan garin ke fita zagayen yamma a babban titi. Ƙawarta Blerta ta gaya mata ƙiri-ƙiri: in yau ma ba ta zo ba, sun daina jiranta.

Shi ya sa ta yi bincike. Takardar kowace eriya a shagon kayan lantarki sai da ta karanta, har ƙananan rubutun da mai shagon kansa bai taɓa dubawa ba. Ta bar mai ƙaho, ta bar mai kama da faranti, ta zaɓi shafaffiya wadda ake liƙawa a gilashi, mai ƙarin ƙarfi. Ta soka ta a ƙarshen doguwar wayar da ta bi ta ƙarƙashin darduma zuwa talabijin, wayar da Kaka ya ja da hannunsa. Shekara talatin da takwas ya yi yana jan layin tarho, saboda haka ba mai taɓa masa waya. Dardumar ma ya hana a kaɗe.

Ta liƙa a taga. Hoto ya fito har ana ganin gumin mai karanta labarai.

Ta ɗauki jakarta. Kaka ya gyara zama a kujerarsa, ya miƙe ƙafar dama. Allo ya yi baƙi.

Ta dawo ta ɗora tafin hannu a kan eriyar. Hoto ya dawo. Kaka ya ce jikinta ne ke da kamu, haka kakarta take. Sai ya shiga tambayoyinsa na kullum: me suka yi a makaranta, wa ya ci faɗa, ko ta ci lakror ɗin da ya ajiye mata, wato gasasshen fulawar nan mai ganye a ciki. Mai karanta labarai na ta magana, Kaka ko kallonsa bai yi ba.

Ta gwada ɗaya tagar. Ta gwada saman firij. Ta ɗora cokali, ta ɗora kyanwa. Sau biyar tana kaiwa bakin ƙofa, sau biyar allon na mutuwa.

Bakwai da rabi ta yi. Wayar hannunta, wadda Blerta ke ta kira, ta daina ƙara.

"Ka nemi wani ya zame maka sandar eriya, tsoho. Ni na gama."

"Lakror ɗinki fa, sarauniyar karatu?"

Ta buga ƙofa har hoton Ollga ya karkace a bango. Ƙarar takalmanta ta bi matakala ta ɓace.

Kaka Vangjel ya daɗe yana kallon ƙofar. Sannan ya ɗage dunduniyarsa daga ɗan makunnin da ya haɗa a ƙarƙashin darduma, hoto ya fito tas, ba kowa a jikin taga.