Ɓeran Cikin Baho

Mukullin Farfesa ya ƙi buɗe ƙofar ɗakin gwaji, sai da sabuwar ɗalibar ta sa nata. Ransa ya ɓaci. Yau fa kwamiti zai yanke hukunci: in ɓera bai nuna maganin hana mantuwa yana aiki ba, a rufe ɗakin, aikin rayuwarsa ya bi ruwa.

'Yan kwamitin suka gaishe shi da ladabin da har ya wuce kima, suka tsaya waje suna leƙe ta gilashi. Ya zura farar rigarsa, ta yi masa yawa a kafaɗa. Masu wankin nan sun sake musanya masa ke nan.

A tsakar ɗakin akwai wani ƙaton baho cike da ruwa, an zuba madara ya yi fari fat. Can ƙarƙashin ruwan akwai ɗan tudu da ido ba ya gani. An koya wa ɓeran wurinsa, aka yi masa allurar maganin, sannan aka ɗaure jijiyoyin wuyansa, jini ya ragu a ƙwaƙwalwa. 'Yan'uwansa da ba su samu allurar ba sun manta tudun sarai.

"Tsaya bakin taga, Baba," in ji ɗalibar. "Inda ka saba."

"A nan Farfesa ake cewa."

Amma ya je ya tsaya, don shi ya kafa dokar. Ɓera da abin da ke kewaye yake gane hanya: kabad, agogon bango, mutumin da ke tsaye. Inda ka tsaya ranar koyo, nan za ka tsaya ranar gwaji. Yaushe ma aka yi koyon? Aiki ya yi masa yawa kwanan nan.

Ta saki ɓeran. Ya bi gefen baho yana karta da farce. Ya zaga, ya sake zagawa, ya wuce dab da tudun bai sani ba. Farfesa ya cusa hannunsa aljihu. Ɗalibar ta ƙura wa agogo ido, lokaci ya kusa cika.

Sai ɓeran ya ɗaga hanci, ya dubi taga. Ya juya, ya miƙe sak, ya haye tudun yana kakkaɓe gashin baki.

"Ya tuna!" Farfesa ya ɗaga murya. "Kin gani? Amma ki riƙe wannan, yarinya: kariya ce kawai. Sai an bayar kafin jini ya ragu. In an makara, ko kwalba guda aka ɗura, abin da ya tafi ya tafi."

Ba ta ɗago ba, tana ta goge ɓeran da tawul. 'Yan kwamitin suka shigo, kuma abin haushi ita suka fara yi wa barka. Farin ciki ya hana shi yin faɗa.

"Ara mini wayarki in kira gida," ya ce. "Auta ta dame ni in kawo ta ta ga ɓeraye. In an tashe su daga makaranta zan gaya mata."

Ta mayar da ɓeran keji. Ta matso, ta kwance maɓallin da ya sa a karkace ta gyara masa, idonta ya cika da hawaye.

"Baba, ni ce Autar. Kullum ni nake kawo ka."